Wuyan Riga da Maɓalli Goma Sha Biyu

Litinin, 1 ga Satumba

Ban gaya wa kowa ba. Ina yi wa Kaka satar amsa.

To, na rubuta. Ko a firamare ban taɓa leƙa takardar wani ba, ko da na san faɗuwa zan yi. Yanzu ga ni, kwana arba'in ke nan ina koya wa tsohuwa yadda za ta ruɗi likita.

Littafin nan ragowar na lissafi ne. A akwatin ƙyallaye nake ɓoye shi, ƙarƙashin keken ɗinki. Babu mai sa hannu a wurin sai ni.

Talata, 2 ga Satumba

Bari in rubuta yadda abin ya fara.

A watan Yuli Baba ya kai Kaka babban asibiti, ɓangaren masu ciwon mantuwa. Ni na riƙe mata jaka. Wata nas mai tabarau ta zaunar da ita, ta ce yau wace rana, wane wata. Ta faɗa mata kalmomi biyar ta ce ta riƙe, za ta tambaye ta an jima. Rijiya, tsintsiya, kore, jirgi, zuma. Sai ta ba ta takarda ta ce ta zana agogo, ya nuna sha ɗaya da minti goma.

Kaka ta zana wani abu kamar ƙwai, ta tara lambobin duka a gefe guda. Kalmomin kuwa, zuma kaɗai ta tuna. Ta yi dariya ta ce abu mai daɗi ba a manta shi. Nas ta yi dariya. Baba bai yi ba.

Da yake ranar da zazzaɓi a jikinta, likita ta ce ba za a ƙirga wannan ba, a dawo 9 ga Satumba a sake.

Bayan mun dawo na ji Baba da Gwaggo a waya, ya buɗe muryar wayar saboda yana wanke hannu. Gwaggo ta ce, "Yaya, in suka ce abin ya yi nisa, ka kawo mini ita. Kai kullum kana kan hanya da babbar mota, matarka tana gidan burodi, ka bar Inna da yarinyar da ko sallama ba ta iya yi da ƙarfi. Ni ina da ɗaki mai ƙofa mai kyau."

Na san ma'anar ƙofa mai kyau. Mai kwaɗo.

Garin Gwaggo tafiyar yini guda ce. Ni kuma tun ina shekara huɗu ɗaki ɗaya muke da Kaka. Ita ta sa mini Zare, wai ita ce allura, duk inda ta shiga sai na bi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Agogo ya fi komai wahala. In na ce agogo sai ta rikice, ta jefar da biro, ta ce ita ba ƴar makaranta ba ce.

Amma shekara arba'in ta yi tana ɗinki. Sai na daina cewa agogo. Nake cewa, tsohuwa, yanka mini wuyan riga. Sai ta zana da'ira sumul, ko kwano aka kifa iyaka ke nan. In ce a jera maɓalli goma sha biyu, na farko a sama, kada su yi cunkoso, mai rigar mafaɗaciya ce. Sai ta jera. Daga baya na koya mata sa lamba a gurbin kowane maɓalli. Hannayen agogon allura biyu ne, doguwa da gajera.

Kalmomin kuwa waƙa na mayar da su. Tana taka keke ba zare, muna yi tare. Rijiya tsintsiya, kore jirgi, zuma. Ƙafarta ce ta haddace, ba kanta ba.

Takardun da take zanawa, masu kyau da waɗanda ta ɓata, ba na zubarwa, kada Umma ta gani a shara. Ina sa kwanan wata a bayan kowace, in tura a gwangwanin biskit. Ban san me ya sa nake sa kwanan watan ba. Haka malaminmu ya saba mana.

Asabar, 6 ga Satumba

Ta bar dutsen guga a kan zanin Umma. Ƙauri na ji daga banɗaki. Na ce ni ce. Umma ta yi faɗa sosai, na sunkuyar da kai. Wannan ba wuya, na saba.

Litinin, 8 ga Satumba

Ƴar maƙwabtanmu ta fara sakandare yau. Na leƙa ta ta taga, takalminta yana ƙara. Baba ya ce ni sai baɗi in Allah ya so, in Kaka ta samu sauƙi.

Gobe ne. 

Talata, 9 ga Satumba

Ta ci.

Da safe na rubuta Talata da 9 da allin ɗinki a bakin mayafinta, ta ciki. Na ce in an tambaye ki rana ki duba ko ɗinkin bakin ya warware. Haka ta yi, ta juya bakin mayafin kamar tana duba aikin wani tela, ta ce Talata. Ni ina bayan nas, na kafa ido a kan takalmina.

Da aka zo kalmomi na ga ƙafarta tana taka ƙasa a hankali. Huɗu ta kawo. Kore ta manta.

Da nas ta ce agogo sai Kaka ta dube ni. Na taɓa wuyan rigata. Shi ke nan. Ta zana shi tsaf, har ta ce wa nas, "Ki gaya wa mai shi kada ta wanke da ruwan zafi." Nas ta ɗauka wasa ne, ta ce, "Mama, yau kin zo da ƙarfinki."

Sun ɗebi jininta kwalba biyu ƙanana. Sun sa ta a wani inji mai rami kamar bututu, don hoton ƙwaƙwalwa, yana ta ƙwanƙwasa. Ta fito tana cewa wannan keken yana son mai.

A mota Baba yana ta hamdala. Ya kira Gwaggo ya ce zazzaɓi ne kawai wancan karon. Ya kamata in yi murna. Na yi, kaɗan.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na shiga wanka, na fito babu ita. Ƙofar gida a buɗe.

Ban san na iya gudu haka ba. Na bi layinmu, na bi bayan makaranta, na tsallaka titi ban duba ba, wani mai mota ya zage ni. Ina son in tambayi mutane, bakina ya ƙi buɗewa. Sai kallonsu nake yi kamar wawiya.

A tsohon shagonta na same ta. Yanzu waya ake sayarwa a ciki. Tana tsaye da takalmi ƙafa ɗaya tana tambayar mai shagon wa ya ba shi izinin fitar mata da keke. Shi kuma ya ba ta kujera yana cewa, "Yi haƙuri Mama, an kai gyara." Allah ya saka masa.

Na roƙe shi kada ya gaya wa Baba.  Ya ce, "Ƴan mata, titin nan ba ya da tausayi fa."

Ranar Talata nas ta ba mu wata takarda, wai in riƙa rubuta duk abin da ya faru a gida kullum. A layin yau na rubuta: lafiya lau.

Talata, 16 ga Satumba

Mun koma karɓar sakamako. Abin da ban taɓa zato ba shi ya faru, kuma ni na jawo.

Likitar doguwa ce, tana magana a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Ta ce jinin ya nuna alamar ciwon. Wai da can sai an ɗebi ruwa a ƙashin baya kafin a gane, yanzu jini kaɗan yana taimaka musu su gani da wuri. Baba ya runtse ido. Sai ta ce amma akwai labari mai daɗi. Gwajin tambayoyi ya nuna ciwon bai yi nisa ba, farkonsa ne. Ta ɗaga agogon Kaka ta nuna masa. Agogona.

Ta ce suna binciken wani sabon magani, ta ƙarin ruwa ake ba da shi, kuma Kaka ta dace ta shiga. Ba ya warkarwa, gudun ciwon yake ragewa. Baba ya ce ko rage gudun ne ai alheri ne, shi direba ne, ya san amfanin birki.

Sai ta ce dole ta faɗa masa gaskiya. Wasu yana sa ƙwaƙwalwarsu ta kumbura, wasu ƴan kaɗan har jini ya zuba a ciki. Shi ya sa za su riƙa ɗaukar hoto. "Kuma shi ya sa ba ma ba wanda ciwonsa ya yi nisa," in ji ta. "Shi ba mu ga yana amfanarsa ba. Haɗarin kawai zai ɗauka."

Haɗarin kawai zai ɗauka. Tun ɗazu nake jin maganar a kunnena.

Ta juyo gare ni. "Ke ce kullum tare da ita. Akwai abin da ba mu sani ba?"

Na girgiza kai. Baba ya ce, "Likita, wannan ko wuta ta kama zaninta ba za ta yi magana ba." Suka yi dariya. Ya sa hannu a takarda uku, Kaka ma ta sa.

7 ga Oktoba za a fara.

Laraba, 17 ga Satumba

Na ɗauka jarrabawa ce. In ka ci a bar ka a gida, in ka faɗi a tafi da kai. Ban san akwai abin da ake ba wanda ya ci ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Na gwada gaya wa Umma. Ta dawo daga gidan burodi, ƙafafunta a kumbure, ta sa su a robar ruwa. Na tsaya a kanta na ce, "Umma." Ta ce, "Na'am." Na sake cewa, "Umma." Ta ce, "Ke dai faɗi, kin tsaya mini kamar sandar lantarki." Sai ta kama hannuna ta ce ta san ina ƙoƙari, in ba don ni ba da tuni an tafi da Inna, Allah ya yi mini albarka.

Na ce ruwan ya huce, in ƙaro mai zafi?

Talata, 23 ga Satumba

Ina share ɗaki ta ɗago ta ce, "Yarinya, ƴar gidan wa ce ke?"

Na ce Zare ce. Ta ce, "Zaren wa?" Ba da wasa ba. Na san idonta na wasa, yana ƙanƙancewa. Wannan a buɗe yake, babu kowa a ciki. Ta jawo jakarta ta rungume kamar zan sace.

Bayan kamar minti goma ta ce, "Ke Zare, kin tsaya kina kuka a kan shara, wa ya mutu?"

Layin yau: lafiya lau. Biro ya huda takardar.

Alhamis, 25 ga Satumba

In na faɗa, Gwaggo za ta zo da mota. In ban faɗa ba, za su sa mata ruwan.

Kuma akwai wani abu da nake jin kunyar rubutawa. In aka tafi da Kaka, za a sa ni makaranta. To in na faɗa, ta yaya zan san don ita na faɗa ba don takalmi mai ƙara ba? Allah ka gani, ban roƙa ba. Sau ɗaya ne kawai na yi tunanin.

Talata, 30 ga Satumba

An kira mu awon jini da na nauyi kafin ranar. Baba yana kan hanya, Umma ce ta kai mu, ta bar mu a benci ta tafi karɓo kati.

Kusa da mu wata mata ce da mahaifinta. Shi ya yi nisa sosai, yana ta naɗe bakin rigarsa yana warwarewa. A hannunsa akwai wani abin roba kamar agogo, da lambar waya a jiki. Matar ta ga ina kallo, ta ce, "Na masu ɓacewa ne. In ya fita, duk wanda ya tsince shi ya kira ni."

Ban tambaye ta komai ba, ita ce mai surutu. Ta ce su ba na ɗakin ƙarin ruwa ba ne, na ɗakin ƙarshe ne, mai labule shuɗi. Duk ranar Laraba ake tara masu jinya a koya musu abubuwa. A manna hoton banɗaki a ƙofar banɗaki. A rataya ƙararrawa a ƙofar gida. A daina gardama da su. "Da in ya ce zai tafi aiki sai in ce Baba ka yi ritaya shekara ashirin, mu kwana muna rigima. Yanzu sai in ce yau hutu ne. Gida ya yi sanyi." Wai har nas take zuwa musu gida wata-wata.

Na ji bakina ya ce, "Ba a kulle shi?"

Ta dube ni. Ta ce, "Akwai ranar da nake ji kamar in kulle shi, in kulle kaina. Amma a'a."

Kaka ta miƙa hannu ta gyara wa tsohon kwalar rigarsa, ta ce wanda ya ɗinka wannan bai ji tsoron Allah ba.

Ban san ko Baba zai yarda da ƙararrawa ba. Gwaggo dai na san abin da za ta ce.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na yi mafarki an buɗe kan Kaka, cike da maɓallai. Ban ƙara son tunawa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau ta tashi garau, kamar da. Ta ce in kawo tef, za ta auna ni, wai ta ga ƴar maƙwabta da kayan makaranta an yi mata ɗinkin buhu, nawa ita za ta yi da hannunta. Ban ce mata ba ni da makaranta ba. Na tsaya.

Ta auna kafaɗa, ta auna hannu, tana faɗin lambobin da ƙarfi, babu wanda ta ɓata. Da ta zo ƙugu sai ta ɗaka mini duka a ciki.

"Saki numfashi, munafuka. Na san irinku. Mace ta zo awo ta shanye ciki don a ce siririya ce, ni kuwa in yanka abin da tef ya ba ni. Ranar sawa ta kasa zama, ta ce tela ya cuce ta. Tela bai san komai ba, abin da aka nuna masa ya yanka."

Na saki. Ta ce, "Yawwa. Ashe ma kina da ciki, bakin ne babu."

Ba da ni take ba. Ba ta san komai ba, ta ma manta da asibitin. Amma na kasa cin abincin rana.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Baba ya dawo. Ya kawo wa Kaka sabon bargo saboda an ce ɗakin ƙarin ruwan akwai sanyi. Yana ta shafa shi yana cewa, "Inna, ji laushi." Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin Yuli.

Ina tsoron fuskar da zai yi. Ba duka nake tsoro ba, bai taɓa dukana ba. Shirun da zai yi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na buɗe gwangwanin biskit na ƙirga. Sittin da uku. Na shimfiɗa su a gado bisa kwanan wata. Ban taɓa kallonsu a jere ba.

Na farkon suna da lambobi, ko da a cunkushe. Na tsakiya, lokacin wuyan riga, sun yi kyau. Amma duk ranar da na gwada ta na ce agogo kawai, ban ce riga ba, sai abin ya fito daban. Na makon jiya ba lamba ko ɗaya. Da'ira ce da wasu ƴan layuka a waje, kamar rana a zanen ƴan aji ɗaya.

Ashe tana tafiya ina rufe sawun.

Na ɗauko takardar nas. Duk inda na sa lafiya lau na ja layi ɗaya a kai, yadda za a iya karanta na ƙasan. A gefe na rubuta dutsen guga. Na rubuta shago da titi. Na rubuta ƴar gidan wa ce ke. Wurin bai isa ba, na juya baya.

Yau ba mu taka keke ba. Ta tambaya, na ce yau hutu ne.

Talata, 7 ga Oktoba

Da safe. Baba yana duba mai a mota.

An ce nas za ta sake ƴan tambayoyi kafin a sa ruwan. Na goge mayafin Kaka da kaina, na duba bakinsa ciki da waje. Babu komai a jiki.

Takardun suna cikin jakarta, ƙarƙashin sabon bargon, na ɗaure su da ƙyalle. A ta sama na rubuta: Waɗannan ne na gaskiya, ni na koya mata wancan. In bakina ya ƙi, sai in ajiye a teburin likita kafin ta ɗauko allura. Ajiyewa ba ta bukatar murya.

Amma na gwada faɗa a banɗaki, sau uku, famfo a buɗe. Na ukun ya fito har Umma ta ce da wa nake magana.

Na sa tef ɗinta a jakar ma. Ko ina za a kai ta, ta samu abin riƙewa. In garin Gwaggo ne, allura ba ta tafiya ba zare, sai dai su yi haƙuri da ni. Ban gaya wa kowa wannan ba tukuna.

Yanzu ta tambaye ni yau wace rana. Na ce ban sani ba tsohuwa, in mun je ki tambayi nas. Ta ce, "Yarinyar banza, me ake koya muku a makarantar?"

Baba yana hon. Allin yana kan taga, a nan zan bar shi.